Takarda a Wuyan Waliyyin Siminti

Uwaisu magini ne, ɗan magina, jikan magina, mutumin Zariya. Ni kuwa Alhassan Bakano ne, don haka ranar da muka fara haɗuwa a New York na sanar da shi cewa bawana ne, shi kuma ya ce in bari ya huta tukuna, zai nuna min wanda ya sayi wani. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ya rasu a unguwar Stapleton a 1979, mu bakwai muka yi masa salla. Har yau idan na ji wani ya kira shi "mai gumaka" raina ɓaci yake yi, domin waɗanda suka raɗa masa sunan nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci.

Ba karatu ne ya kawo shi ba kamar ni, ba kuma aikin ofis ba. Wani babban ma'aikaci ne ya ga zanen da ya yi masa a zauren gidansa na Kaduna, irin wanda ake fitarwa da yatsa a jikin yaɓe tun yana ɗanye, abin ya burge shi. Da aka turo shi aiki nan a 1965 sai ya taho da Uwaisu a matsayin mai kula da gida. Ka ji fa, magini guda aka ɗauko aka danƙa wa tsintsiya. Ya baro matarsa Sauda da ciki wata biyar, ya ce mata shekara ɗaya ce kawai. Shekarar ba ta cika ba aka yi juyin mulki a gida, aka kira maigidan. Ya ce wa Uwaisu ya zauna ya kula da kaya, zai dawo. Bai dawo ba. Masu gidan suka karɓi makullinsu, takardar zaman Uwaisu ta mutu tare da aikin maigidansa, sai ga shi a ɗakina a Harlem da akwati ɗaya da cokalin gininsa naɗe cikin tsumma.

Na ce masa ya koma gida. Wallahi na faɗa masa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai ya ce in ya koma ya yi me? Siminti da kwanon rufi sun kashe sana'ar gidansu, ba mai neman zanen yaɓe kuma sai ɗaiɗaiku. Ga shi unguwa guda ce ta raka shi tashar jirgin ƙasa da zai taho, har da masu guɗa. Ya ce ba zai shiga Ƙofar Doka da akwati ɗaya ba, ko za a yanka shi. Abin da ya ƙulla a ransa ɗaya ne: ya sami takardar zama, ya ɗauko Sauda da 'yarsa Balki, wadda aka haifa bayan tahowarsa, bai san ta ba sai a hoto guda ɗaya da ya fara koɗewa. Taurin kai ne, na sani. Amma Bazazzage ne, me za ka yi masa?

Shekara biyu yana wanke kwanuka a gidajen abinci, hannun nan da ke zana dagi ya jiƙe ya yi fari. Wata Lahadi a 1968 zaman ɗaki ya ishe shi, ya hau feri, wato jirgin fito, zuwa tsibirin Staten Island don kawai ya ga ruwa. Ya sauka yana tafe a ƙasa, sai ya ga wani fili cike da tukwanen furanni da mutum-mutumi na siminti, da wani tsoho yana fama da liƙe tukunyar da ta tsage. Uwaisu ya ce min ya tsaya kallo har zuciyarsa ta kasa ɗauka, don aikin ba kyau. Ya tura ƙofa ya shiga, ya karɓi cokalin daga hannun mutumin ya liƙe tsagar har ba ka ganin inda take. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya zo gobe ƙarfe bakwai.

Sunan tsohon Karmelo, ɗan Italiya, gajere, kunnensa ɗaya ba ya ji, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a New Jersey. Shekara arba'in yana zuba siminti a filin nan. Kayan da ya fi sayarwa shi ne wani waliyyin Kiristoci da suke kira Faransis. Duk ɗan lambun ƙofar gida da ka leƙa a unguwannin 'yan Italiya sai ka gan shi tsaye, tsawonsa ya kai ƙugun mutum, da doguwar riga mai hula a baya, igiya ɗaure a ƙugu, ga sanƙo, tsuntsu ɗaya a tafin hannu ɗaya a kafaɗa, wani lokaci da barewa ko kyarkeci kwance a ƙafarsa. Wasu an yi musu kwano a gaba don tsuntsaye su sha ruwa. Karmelo ya ba Uwaisu labarinsa: ɗan attajiri ne da ya bar dukiyar ubansa ya bi duniya ba takalmi, yana yi wa tsuntsaye wa'azi, har kyarkeci ya taɓa yi wa sulhu da mutanen wani gari. Uwaisu ya ce min, "Bawana, wannan da a Zariya yake, rabin gari za su ce waliyyi ne, rabi su ce a kai shi turu." Amma yana son mutumin, na lura.

Shekarar farko tukwane kawai yake yi da kwanukan ruwan tsuntsaye, bai taɓa sa hannu a abu mai fuska ba. Karmelo ya ba shi ɗaki a saman rumbun siminti, yana kiransa ɗana, Uwaisu na kiransa Baba. Ranar Lahadi tare suke cin taliya, tsohon ya daina sa naman alade a miya saboda shi. Shi ne ma da kansa ya ja shi wurin lauya don a nema masa takardar zama ta hanyar aiki. A nan aka sami matsala. Lauyan ya ce mai yin tukwane ba ya samun takarda, don kowa ma zai iya. Sai an rubuta cewa gwani ne na mutum-mutumi, irin wanda ba a samu a gari, kuma ya zama da gaske aikin da yake yi ke nan, don ana iya turo mai dubawa. Karmelo ya yi murna, daman hannunsa ya fara rawa, ba ya iya gyara fuska kamar da. Ya ce daga ranar Litinin waliyyi ya koma hannun Uwaisu.

Ranar Asabar da la'asar sai ga shi a ɗakina, ko zolayar da muka saba bai yi ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Malam Alhassan." Da na ji ya kira ni Malam na san akwai magana.

Ya ce, "Ka san abin da aka ce a kan mai yin surar abu mai rai. Ranar ƙiyama za a ce ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Ni ubana ko ƙadangare bai taɓa zanawa a bango ba. In na ƙi aikin nan, ba takarda, ba Sauda. In na yi, ka ga inda na dosa. Kai ka yi karatu. Akwai mafita?"

To, ga inda zan faɗi laifina, don ba wanda zai faɗa min shi. Karatun da na yi na gwajin jini ne, a wani asibiti nake aiki. Karatun zaure kuwa ban wuce littafi biyu ba na gudu. Kamata ya yi in ce ban sani ba. Amma mutum ya girme ka ya zo ya kira ka Malam, sai kai ya kumbura. Na tuna wani malaminmu na firamare da yake bin littattafanmu da alƙalami yana ja wa kowane hoto layi a wuya, yana cewa in an raba kai da gangar jiki ya tashi daga sura, ya zama kamar itace. Na gyara zama na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Kai shi ne sura. In kai bai haɗu da jiki ba, ba ka yi komai ba." Har da ɗaga yatsa na yi, Allah Ya yafe min.

Na zaci ɗan layi zai ja da wuƙa a inda ba a gani. Ban san da wanda nake magana ba. Uwaisu ba ya yin rabin aiki, ko na Allah ko na mutane. Shi mutum-mutumin nan a kife ake zuba shi cikin mol, wato mazubin roba mai siffarsa, kai a ƙasa ƙafafu a sama. Sai ya riƙa zuba simintin kai shi kaɗai har zuwa wuya, ya soka rodi a tsakiya, ya tafi ya yi sallar azahar. In ya dawo simintin ya fara kamawa, sai ya yanko takardar nan mai santsi da ake naɗe burodi da ita, ya yi mata da'ira daidai faɗin wuya, ya huda tsakiya ya zura ta a rodin, sannan ya zuba sauran jiki a kai. In an cire daga mol sai ya shafe gaɓar da ruwan siminti, ba mai iya gani. Kai yana zaune a kan jiki, rodi na riƙe da shi, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Tsuntsayen kuma ya riƙa yi musu ɗan yanka a wuya da reza. Ya zo ya kwatanta min yana murna, na ce ma sha Allah, Bazazzage ya yi hankali.

Kuma aikin ya yi kyau, kai! Fuskar da Uwaisu ke fitarwa ta fi ta Karmelo nesa ba kusa ba. Yakan zauna da ɗan ƙaramin ƙarfe yana gyara ido da gemu da gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka riƙa zuwa daga Brooklyn. Wasu sistocin coci masu gidan kula da tsofaffi suka sayi babba. Karmelo ya ɗauki wanda ya fi kowanne kyau ya kafa a lambun bayan gidansa, a gindin itacen ɓauren da matarsa ta dasa. Cikin shekara biyu sun fitar da kusan ɗari uku.

Mutanenmu kuwa labari ya kai musu. Lokacin ba mu da yawa, a wani ɗaki muke haɗuwa sallar Juma'a, ɗalibai da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Wani ya je yawo tsibirin ya hango shi rungume da waliyyi yana ɗora shi a mota. Shi ke nan. Ba wanda ya ce masa komai a fuska, mu ai ba ma yin haka. Sai dai in ya tsaya a sahu na kusa da shi ya ɗan matsa, in an yi suna ba a gaya masa. Shi kuwa bai damu ba, yakan taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Ba su san da takardar wuya ba."

A damina ta 1970 wasiƙa ta zo daga mahaifin Sauda. Dattijon bai yi faɗa ba, ya ma yi addu'a mai tsawo. Amma ya ce shekara biyar ta wuce, yarinya tana zaune ba ita ga aure ba ita ga zawarci, kuma ya gaji da kallon da ake yi masa a masallaci. Ya ba shi zuwa Babbar Sallar da za ta zo a farkon 1972. In bai zo ba, bai kuma aiko an kai ta ba, za su je gaban alƙali a raba auren. Uwaisu ya ƙirga a yatsu ya yi dariya. Lauya ya ce a watan Afrilun 1971 Karmelo zai sa hannu na ƙarshe, daga nan 'yan watanni ne. Uwaisu ya je shagunan Canal Street ya sayo wa Balki rigar sanyi ja, da ƙiyasi, don bai san girmanta ba.

Tun a lokacin an fara ganin alama. Wani siririn layi ja ya riƙa fitowa a wuyan waliyyan yana gangarowa kan riga. Wata tsohuwa ta ɗauka abin al'ajabi ne, ta kunna kyandir a gaban nata, maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Karmelo ya ce yashin da aka kawo musu ne ba kyau. Uwaisu ya san tsatsar rodi ce, ya san ruwa ya sami hanya ta gefen takarda, amma a iya saninsa tsatsa ba ta wuce ɓata launi. A Zariya ruwa in ya shiga bango yakan jiƙa shi, rana ta fito ya bushe. Bai taɓa sanin cewa ruwa in ya daskare yana kumbura har ya fasa dutse ba. Ina zai sani? Ni ne na sani. Ni da kwalabe ke fashe min a injin ƙanƙara a wurin aiki, ni da na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Ya gaya min maganar layin, na ce ya shafa fenti.

Sanyin farkon 1971 ya yi tsanani, a narke da rana a daskare da safe, haka har makonni. A watan Fabrairu kai na farko ya faɗo. Wani mai gyaran famfo ya fito da safe ya tarar da waliyyinsa tsaye ba kai, kan yana cikin kwanon ruwan tsuntsaye. Aka ce 'yan iska ne. Sai na biyu, sai na goma, sai na gidan sistoci. Aka kira 'yan sanda, fadan coci ya yi huɗuba a kai, maza suka fara gadin lambunansu da sanduna. Uwaisu ya daina cin abinci. Ya zo wurina ya ce zai gaya wa Baba. Na ce ya rufe bakinsa har a sa hannu, saura mako shida. Wannan ce shawarata ta uku, kuma ita ma ya bi.

Ba a kai mako shida ba. Ranar wata Talata da hantsi ya bugo min waya wurin aiki, ya ce in zo yanzu, Baba na son magana kuma Turancinsa ba zai isa ba. Na hau feri na je. Na same su a rumfar aiki. A kan tebur ga kan waliyyi, wanda ke gindin ɓaure. Karmelo da kansa ya tsince shi a cikin ciyawa. A gefensa ga 'yar da'irar takarda, ta yi laushi ta yi ja, amma ana iya karanta rabin sunan gidan burodin da suke saye kullum. Ya kuma fasa sababbi uku da guduma, kowanne da tasa.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da ya fi min sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Tambaye shi me ya sa."

Uwaisu ya yi bayani da Hausa a hankali, kansa a ƙasa, ni ina juyawa. Ya faɗi maganar busa rai. Ya faɗi maganar Sauda. Ya ce bai san ƙanƙara za ta yi haka ba, ya rantse. Karmelo ya karkato kunnensa mai ji yana saurare, sannan ya ce, "Wa ya koya masa wannan?"

Na juya wa Uwaisu tambayar. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ce masa ni na ga dama." Ni kuma na ce masa haka. Kalma ɗaya ban ƙara ba. Ina tsaye da kwat ɗina da takalmina mai sheƙi, na bar shi ya ɗauka shi kaɗai.

Karmelo ya juya ya dubi kan waliyyin da ke bisa tebur. Sannan ya ce, "Da ka gaya min ba za ka iya ba, da na ce ka zuba jiki ni in zuba kai. Da mun yi wa lauya ƙarya tare. Amma ka ci abinci a teburina shekara biyu, kullum kana fita kana yanka waliyyin, ka kawo min in kafa wa matata a gindin ɓaurenta." Ya ce ba zai kira 'yan sanda ba, ba zai kira imigireshan ba, ɗakin ma ya ci gaba da zama. Amma takardar lauya ta ce shi Karmelo ya shaida wannan mutum amintaccen gwani ne, kuma ba zai iya sa hannu a kan wannan ba. Ya ɗauki kan ya rungume ya fita.

Abin da Uwaisu ya yi bayan nan shi ne ya fi ci min rai. Ya ɗauko littafin da ake rubuta adireshin masu saye, ya sami amalanke, ya ɗora siminti da rodi da kurfi, ya fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Inda kai ya faɗi ya mayar, inda bai faɗi ba ya cire shi da kansa, ya kankare takardar, ya sa sabon rodi, ya haɗa kai da jiki haɗi na gaskiya wanda ko guduma ba za ta raba ba. Wasu suka kore shi, wata ta watsa masa ruwa, wani ya sakar masa kare. Wasu kuma suka ba shi kofi. Tun bazara yana wannan har ganye ya fara zuba. Na same shi wata rana durƙushe a lambun mutane yana shafe wuya da yatsa, na ce, "Malam Uwaisu, ka san fa abin da kake yi yanzu shi ne abin da ka gudu tun farko." Ya ce, "Na sani. In an ce in busa musu rai sai in ce ba zan iya ba. Amma in Baba ya ga na gyara duka, wataƙila ya sa hannu."

A cikin wannan bazarar wani malami na gaske ya zo daga gida duba lafiyarsa, na kai Uwaisu ya gaishe shi, na kuma yi ƙarfin halin kawo maganar takardar wuya. Malamin ya ce a saninsa abin da ido ke gani shi ne sura, in an ɓoye rabuwar ba a raba komai ba. Ya ce amma Allah Mai gafara ne ga wanda larura ta kama. Uwaisu ya yi godiya, muka fito. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na so ya zage ni, na so ya mare ni a gaban Turawa. Sai da za mu rabu ya ce, "Bawana, ashe takardar ma ba ta yi komai ba." Ya yi ɗan murmushi ya sauka.

Ya gyara ɗari biyu da wani abu. Amma sunan filin ya riga ya ɓaci, ba mai zuwa saye. A watan Oktoba Karmelo ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa New Jersey ta sa filin a kasuwa. Mun je har can da takardar lauya a aljihu. 'Yar ta bar mu muka shiga. Tsohon yana kan kujera, bakinsa a karkace, ya gane Uwaisu, ya kama masa hannu da hannunsa na hagu ya riƙe yana hawaye. Ko ya yafe ko bai yafe ba, Allah kaɗai Ya sani, don ba ya iya magana. Lauya ya ce ko da ya iya riƙe alƙalami, ba filin ba aiki, ba aiki ba takarda.

Na sake ce wa Uwaisu ya tafi gida, saura wata uku Salla. Na ce zan haɗa masa tikiti, na roƙe shi, har na zage shi. Ya ce da can akwati ɗaya ne abin kunyarsa, yanzu kuwa labarin gumaka ya riga shi isa Zariya, ɗaliban da ke komawa hutu sun kai. Ya ce ba zai sa Sauda ta zama matar mai gumaka a unguwarsu ba, ba kuma zai bari a tsayar da ita gaban alƙali tana faɗin sirrin aurenta ba. A watan Disamba ya zauna ya rubuta saki ɗaya da ajami. Ya naɗe takardar cikin jar rigar Balki, na raka shi gidan waya.

Amsa ta zo bayan Salla da mako uku. Da boko aka rubuta, da hannun wani ɗan makaranta, don haka sai ya kawo min in karanta masa. Ba daga dattijon take ba, daga Sauda ce. Ba ta da tsawo. Ta gaishe shi, ta ce saƙo ya iso, rigar ta yi wa Balki kaɗan, an ba 'yar ƙanwarta. Ta ce maganar gumaka ta ji ta tun bara, ba ta kuma taɓa hana ta barci ba. Ta ce ita ba ta taɓa cewa tana son zuwa Amurka ba, shi ne yake ta faɗa a kowace wasiƙa. Ta ce ita ce ta roƙi mahaifinta ya sa ranar Salla, don ta zaci in aka sa rana zai taho. Tun watan azumi ta sa aka yi wa ɗakinta sabon daɓe. Ta ce da ya shigo hannu rabbana da rigar da ya tafi da ita, da ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo masa ruwa.

Na gama karantawa. Yana zaune ya dafa gwiwoyinsa, siminti duk ya tsattsaga masa yatsu. Na ce masa saki ɗaya ne, idda ba ta cika ba, kalma ɗaya ta isa ya mayar da ita, ko ta waya. Ya ce in juya bayan takardar, ya ga akwai rubutu. Na juya. Layi biyu ne: ta ce kada ya yi kome, don in ya mayar da ita zai sake cewa shekara ɗaya, ita kuma ba ta da sauran ƙarfin jira.

Ya ce, "Sake karanta min wurin tabarmar." Na sake karanta masa.